Ranar da Na Kwashe Shanyar Teta

Ni dai a garinmu babu wanda zai koya mini shanya. Tun ina budurwa nake yanka kuɓewa ina bazawa, da kauɗa, da tattasai, da barkono. Da su na aurar da 'ya'yana, da su na je Makka. Idan na ɗauki yankan kuɓewa na murza a tafin hannu, zan gaya maka ko rana ta gama da shi ko kuwa ƙarya yake yi. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa jikata ce ke riƙe da biro ni ina riƙe da baki, na kuma gaya mata idan ta gyara mini magana zan gane a fuskarta. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da ya faru a Alƙahira ya ɗauka aikin rashin sani ne.

Jikar tawa ce sanadin zuwana can. Ni na rene ta, aka aurar da ita ga wani ɗalibi mai karatun addini a Masar, wanda nake kira Ustazu. Da ta haihu babu mai yi mata wankan jego, sai aka ɗora ni a jirgi da ƙullin kanwa da kuka da daddawa. Shekarun nan ne da ƙasar ba ta zauna daidai ba, kullum ana ɗauke wuta, kullum Ustazu na dawowa yana cewa an tare hanya kaza. Shi a Madinat Nasr yake karatu, amma hayar can ta fi ƙarfinsa, sai suka kama ɗakuna a wani tsohon bene a Ain Shams, can kusa da ƙarshen sama.

Gidan ba shi da tsakar gida. Daga ɗaki sai ɗaki, sai wata 'yar baranda da idan ka tsaya a cikinta gwiwarka na taɓa ƙarfe. Na yi wankan jego da ruwan da wata tukunya maƙale a bango take dafawa, na dama kunun kanwa, aka yi suna, aka yi arba'in, sai na wayi gari ba ni da abin yi. Komawa gida kuma ba yanzu ba, domin Ustazu ya haɗa ni da likitan gwiwa. Mutumin da ya saba buɗe ido ya ga sama, aka ce masa ga fanka. Na fara tashin jikata da asuba ina tambayarta yaushe ne ranar jirgi.

Don in samu abin da zan sa hannu, na sa aka sayo mini kuɓewa. Tasu ƙanana ce, kamar ɗan yatsan jariri, amma kuɓewa ce. Na yanka, na baza a faifai, na ɗora a kan ƙarfen baranda. Iska ta zo ta kwashe rabinta ta zuba ƙasa.

Ba a jima ba aka buga ƙofa. Wata tsohuwa ce gajeriya, baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, da ɗan gicciye shuɗi a zane a wuyan hannunta. Jikata ta raɗa mini cewa ita ce mai gidan, Kirista ce, kowa Teta yake ce mata, wato kaka. Na gyara ɗaurin zanina, domin na san faɗa ne ya hawo bene. Sai ta buɗe tafin hannunta, ga yankan kuɓewata da suka faɗa cikin wankinta. Ta ɗauki guda ta ciza, ta tauna, ta gyaɗa kai. Ta yi wata magana doguwa. Jikata ta ce wai ita 'yar kudancin ƙasar ce, su ma can suna busar da kuɓewa su daka, kuma rabonta da ganin mai yanka ta sirara haka tun mahaifiyarta na da rai.

Na ce, "Gaya mata mahaifiyarta ta iya aiki."

Teta ta kama wuyan hannuna ta ja ni zuwa matakala. Muka hau, gwiwarta ba lafiya, tawa ba lafiya, amma babu wadda ta yarda ta fara hutawa. Da muka kai wata ƙofar ƙarfe sai ta zaro makulli daga wuyanta, a jikin zare, ta buɗe.

Sai ga sama. Na tsaya na sha iska kamar wadda aka fito da ita daga rijiya. Saman soron nan ya kai faɗin masussuka. Ga tankin ruwa da 'yar rumfa a ƙarƙashinsa, ga faranten talabijin sun ɗaga fuska, sauran filin kuwa duk asabari ne a shimfiɗe, a kansu inabi, baƙi da ja, layi bayan layi. Wani ya fara yamushewa, wani da sauran ruwansa.

Jikata ta biyo mu tana haki, aka yi ciniki ta bakinta. Wani maƙwabci yana da akurkin tantabaru na katako mai tsayi kamar hasumiya, tantabarun kuwa sun gano inabin. Teta ba ta iya yini a sama, ɗanta kuma yana aiki a ƙasa. Idan zan zauna in riƙa kora, kusurwar da ke gabas da tanki tawa ce, in shanya abin da na ga dama. Ta ciro zaren daga wuyanta ta rataya mini. Ranar ban tambayi jirgi ba.

Zabibi na ɗauka ake yi, na sayarwa. Wa zai ga busasshen inabi ya yi wani tunani? Da safe nakan goya jaririyar in hau, da faifaina da carbina da sanda mai tsumma a kai. Tantabarun suka san ni. Akwai wani fari mai taurin kai da yakan sauka a kan tanki ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, har ɗayanmu ya gaji.

Na kuma lura da yadda suke aikinsu, domin mai sana'a ba ya ganin sana'ar wani ya kau da kai. Ba sa wanke inabin. Ba sa yarda nonon inabi ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. Da sassafe Teta ko ɗanta su hawo su juya kowanne da hannu, a hankali, kamar ana juya majinyaci. Ni a ganina ɓarnar fili ce, na kuma faɗa mata da Hausa, ita ma ta amsa mini da Larabci, kowa ya koma kan shanyarsa. Takan miƙo mini waɗanda suka zube daga jikin nono, masu zaƙi har su kama maka maƙogwaro. Ni kuma na aika mata da miyar busasshiyar kuɓewa. Ta dawo da kwanon a wanke, da lemon tsami a ciki, wai miyar tana bukata. Na bar ta da rashin saninta.

Wata safiya ta hawo da jaka a hannu. An yi musu rasuwa a ƙauyensu, za su tafi duk gidan. Ta nuna idonta, ta nuna inabi, ta nuna ni. Na dafa ƙirjina. Wannan ko ba tafinta kowa ya san amana ce.

Washegari bayan la'asar ina zaune sai na ga rana ta dushe. Na ɗaga kai. Daga arewa wani baƙin abu ya taso, ya haɗe, ya yi nauyi, yana tahowa a hankali yana cinye benaye. A garinmu hadari daga gabas yake zuwa, amma na ce wannan wata ƙasa ce, mutanen da suke rubutu da magana duk daban da namu ba zan yi mamaki ba idan hadarinsu ma da wata ƙofa yake shigowa.

Ku da ba ku tashi a gidan yawa ba, bari in gaya muku. Idan hadari ya haɗo, mace ba ta tambayar shanyar wa ce wannan. Ko ta matar da ba kwa gaisawa ce, kwashewa za ki yi, in ya so ku ci gaba da gabarku bayan ruwa ya ɗauke. Wadda ta tsaya tana kallo ruwa ya doki shanyar maƙwabciya, har jikokinta sai an goranta musu. Balle kuma shanyar da aka nuna mini da ido.

Na ƙara ɗaure goyo. A ƙarƙashin rumfar tanki akwai buhunan leda da manyan robobi. Na fara da nawa, wannan ba wuya. Sannan na shiga inabin Teta. Nakan kama bakin asabari in karkato shi cikin buhu, wanda ya bushe da wanda bai bushe ba duk tare, domin mai tseren hadari ba ya zaɓe. Na danna da hannu don su samu wuri. Na ja buhunan da gwiwar nan tawa da likita ya ce kada in wahalar, na jera su a rumfa, na lulluɓe da babbar leda, na danne da bulo. Kafin magariba babu ƙwaya ɗaya a fili. Na tsaya na duba aikina, na ce ko ina da shekara talatin iyakar abin da zan yi ke nan. Na kulle ƙofa na sauko ina jiran in ji yayyafi a kan baranda.

Ruwa bai zo ba. Da safe sama ta ɗan washe, amma ba sosai ba, kafin la'asar kuma baƙin abin ya dawo. To ni a iya sanina, hadarin da bai sauka ba bai tafi ba, kuma ba a baza shanya a ƙarƙashinsa. Na bar buhunan a rufe. Haka ya yi ta yi mini, ya tafi ya dawo, ni kuma ina hawa ina ƙara gyara ledar. Na ji rumfar ta fara wani ɗumi, na ji wani tsami-tsami, na ce in sha Allahu yau zai zuba a huta.

Ina zaune a kusurwata suka dawo. Ɗan Teta ne ya fara hawowa, wani ƙato mai furfura a gemu. Ya ga asabari wayam, ya dube ni, na nuna masa rumfa da alfahari. Ya yaye ledar. Ƙananan ƙudaje suka tashi kamar hayaƙi. Buhunan sun yi zafi, gindinsu ya jiƙe, wani jan ruwa mai danƙo ya bi siminti har bakin magudana. Mutumin nan ya ɗora hannu biyu a ka ya fara magana da sama. Teta ta iso tana dafa bango. Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta tura hannu cikin buhu, ta zaro, ta duba yatsunta. Na nuna mata sama, na yi mata alamar ruwa da yatsuna, na nuna ƙirjina. Ta dubi saman, ta dube ni. Sai ta miƙo tafin hannu.

Na gane. Na ciro zaren daga wuyana na sa mata. Na sauko kaina a sama, kuɓewata kuwa tana can a rumfa an kulle da ita.

Da Ustazu ya dawo ya ji labari, sai da ya zauna.

Ya ce, "Kaka, ai wannan ba hadari ba ne. Hayaƙi ne. Manoman arewa ne ke ƙona karan shinkafa bayan girbi, duk shekara haka yake zuwa ya zauna a kan birnin."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Ba ki tambaye ni ba."

"Kai da kake kwana kana karanta hukuncin ruwa, wanda ake alwala da shi da wanda ba a yi, ba ka iya gaya wa tsohuwa wanda zai sauko da wanda ba zai sauko ba?"

Ya ce shi dai zai je ya ba su haƙuri, zabibi ne, ba rai ba. Jikata tana gefe tana ba 'yarta nono, sai na ga kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Ke kuma me ya same ki?"

Ta ce, "Zabibi ne kam. Sai dai ba a nan yake tsayawa ba."

Sai ta warware mana. Ɗakin nan na ƙasa mai ƙofar katako, wanda kullum muke wucewa, nan ake kai zabibin. A jiƙa shi, a matse, a zuba a tuluna a toshe baki, ba ya ganin wuta ko kaɗan, har ya zama wani jan abu mai zaƙi da suke kira abarka. Coci-coci ake kai wa, da shi suke ibadarsu. Gidan mijin Teta tun kakanni su ke yi, da ya rasu ita ta riƙe. Wanda na kwashe ɗin nan shi ne na idinsu na lokacin sanyi.

Ustazu ya yi salati. Ya ce, "Giya ke nan fa."

Ta ce, "Ni dai abin da suka ce sunansa na faɗa."

"Shekara nawa muna gidan nan ban sani ba?"

"Kai da kake fita hancinka a cikin littafi, ka dawo hancinka a cikin littafi?"

Na ce mata, "Ke kin sani, kika bar ni ina yi wa giya gadi da carbi a hannu?"

Ta ce, "Kaka, kin daina tashina da asuba kina tambayar jirgi. Ni mahaukaciya ce da zan faɗa?"

Ustazu ya gyara zama irin na masu wa'azi, ya ce to alhamdulillahi, Allah ne ya raba ni da makullin nan, kuma kada in sake neman sa. Na tambaye shi ko shanya haramun ce. Ya ce a'a, amma taimako a kan abin da aka san inda za shi, malamai sun yi magana. Na ce ban saya ba, ban sayar ba, ban matse ba, tantabaru na kora. Ya ce korar ma taimako ce. Na ce to ga shi na lalata musu rabi, sai ya lissafa mini ladan. Ya ce wannan ba abin lada ba ne, domin shi ma ya san dukiyar maƙwabci ba abin wasa ba ce, ko wane addini maƙwabcin yake yi.

Na koma zaman fanka. Ranar Juma'a abokan karatun Ustazu suka zo kamar yadda suka saba, sun kwaso yunwar tuwo da miyar kuɓewa tun daga Madinat Nasr. Na ajiye musu waken Masarawa da gurasa. Ɗaya ya leƙa kwanon ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Na ce su tambayi Ustazu, shi ya san inda kuɓewa take.

Amma ba kuɓewar ce ta fi ci mini rai ba. A wurinmu wadda ta kwashe shanya ita ke mayarwa idan gari ya washe. An karɓe makulli aikina yana rabi. Ni ban taɓa barin aiki a rabi ba, ba kuma a ƙasar mutane zan fara ba.

Da hantsi na ce wa jikata ta ɗauko mayafi ta raka ni. Muka sauka har ƙasa. Ƙofar katakon a buɗe take. Na hango tuluna a jere cikin duhu, da wani abin matsa na itace, da hotunan waliyyansu da kyandir a gaba. Wani ƙamshi mai nauyi yana fitowa, kamar dabinon da ya kwana a ruwa. Ƙafata ta tsaya a dokin ƙofa, ba ta wuce nan ba. Teta ma ba a ciki take ba. Tana zaure a kan 'yar kujera, an sauko mata da buhunan, ita kaɗai tana tsinta. Mai sauran rai gefe guda, wanda ya fashe gefe guda. Yatsunta sun kumbura, kafin ta ɗauki ɗaya ta ajiye ƙuda ya gama cin rabonsa.

Na ce wa jikata, "Gaya mata ba haƙuri na zo bayarwa ba. Gaya mata duk 'yar da aka haifa a gidan mutunci abin da na yi shi za ta yi. Gaya mata wanda ya ba baƙo amanar shanya, shi ya kamata ya gaya masa cewa saman garinsu maƙaryaciya ce."

Jikata ta juya ta faɗi kalma biyu. Ɗaya daga ciki ma'alish ce. To ni na san ma'alish, kullum direbobin ƙananan motocinsu suna faɗa mini idan sun taka ni.

Na ce, "Wa ya aike ki ba da haƙuri?"

Teta ta ajiye inabin hannunta ta yi nata jawabin, dogo, da nuna sama da nuna tuluna da buga cinya. Jikata ta ce, "Wai ta ce ba komai."

Na dubi fuskar Teta, babu ba komai a cikinta. Ita ma ta dubi tawa, ta ga babu ma'alish. Sai ta ɗaga hannu ta yi wa jikata alamar ta tafi, ni ma na ce, "Hau sama, 'yarki na kuka." Muka sallami tafinta.

Na tsaya a kanta ina kallon tsintar. Na daure, na daure, na ga ta jefa wani lafiyayye cikin fasassu. Na sunkuya na ciro shi na mayar inda ya dace. Ta ture hannuna. Na ture nata. Sai ta jawo wata kujerar da ƙafa ta turo mini.

Muka yini a zauren nan. Ina tsinta ina yi mata bayanin hadarin garinmu, yadda iska ke fara kaɗa ƙofofi, awaki su shigo da gudu, mata su fito kowa da kwando. Na tashi na kwatanta mata har da gudun. Ita kuma ta nuna mini hoton wani mai gashin baki a bango, ta nuna tuluna, ta yi alamar ƙararrawa, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ci gaba da yi mini faɗa. Ban san abin da ta fahimta ba, ita ma ba ta san nawa ba. Da azahar ta yi na hau na yi salla na dawo, na tarar ta ajiye mini shayi a kan kujerata, an rufe da faranti saboda ƙuda. Wanda ya tsira ya fi rabi kaɗan. Fasassun ta sa ɗanta ya zuba a wata randa daban, aka ɗaure bakinta da ƙyalle kawai, ba a toshe ba.

Da la'asar ɗan ya fara hawa da kwanduna. Bai kalle ni ba. Ni da Teta muka bi bayansa, wannan karon mun huta a hanya, amma tare muka tsaya, don haka babu wadda ta fara. Na baza abin da na kwashe da hannuna, irin bazawarsu, kowane nono da filinsa. Da na ajiye na ƙarshe na karkaɗe hannu na ce da Hausa, "Na mayar. Daga nan kuma ba ni ba shi."

Baƙin abin yana nan ya sake tasowa daga arewa. Teta ta matso. Ni da na je Makka, ni da rabon wani ya taɓa mini fuska tun ina yarinya, sai matar nan ta kama hancina da yatsu biyu ta juya shi wajen arewa. Ta ja numfashi da ƙarfi, ta nuna in yi haka. Na ja. A ƙarƙashin warin motoci da ya cika garin, sai na ji shi, ƙaurin sharar gona, irin na lokacin da ake ƙona kara kafin shuka. Na ce mata a wurinmu hayaƙi ya san matsayinsa, a ƙasa yake yawo, ba ya hawa sama ya yi shigar hadari. Ta ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Ta ciro zaren ta rataya mini a wuya. Ta nuna inabi, ta nuna sama, ta mari bayan hannunta, wato kada in sake taɓawa. Ta ce, "Tamam, ya Hagga?" Wato daidai ko, Hajiya? Na ce tamam.

Ustazu ya ga zaren a wuyana tun daga ƙofa. Ya ce, "Kaka, mun fa yi magana."

Na ce, "Mun yi. Na kwashe ban sani ba, na mayar don ni na kwashe. Ba zan juya musu ba, ba zan ɗaukar musu ba. Kuɓewata zan tsare."

"Idan kin kori tantabarun ai har inabin kin tsare."

"To ka hau ka yi musu bayani. Ka ce Hajiya daga kan kuɓewa kaɗai take korarku, wancan gefen ku da masu shi."

Ya fara cewa akwai bambanci tsakanin niyya da wani abu, sai jikata ta ajiye masa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa a gabansa. Ya dubi kwanon. Ya ce zai tambayi malaminsu. Har na bar ƙasar bai kawo mini amsa ba, ni ma ban matsa masa ba.

Abarkar shekarar ba ta kai yadda suka saba ba, jikata ta ce wasu coci-cocin sai wani wuri suka nema. Ɗan Teta ya daɗe yana amsa gaisuwata da gemu kawai. Randar fasassun nan kuwa khal ta zama, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci ba mai sa maye ba, mai tsami har ya sa ka rufe ido. Teta ta aiko mana da kwalba guda. Ustazu ya shinshina, ya ɗaga ta wajen haske, ya buɗe wani littafi, sannan ya ce wannan halas ne. Na ce ai na sani, aikina ne.

Inabin Teta ban sake taɓa shi ba, na riƙe alkawari. Amma duk yammacin da baƙin abin nan ya taso, sai in ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. In ja numfashi, in ji ƙauri, in san hayaƙi ne. Duk da haka sai in tashi in tattara kuɓewata da barkonona in kai rumfa in rufe. Idan Teta tana sama takan zauna a kan bulo tana dariya har tana tari, tana kiran ɗanta ya zo ya gani. Ni kuwa ko a jikina. Su bar nasu a fili tunda sun yarda da samansu. Tawa shanyar ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin baƙin gajimare ba, da safe kuma ni nake fara hawa in baza ta kafin farin tantabaran nan ya iso kan tanki.